Muritaniya ta samu, Suwizalan ta samu, mu fa?

Malam Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Tun zaɓen shugaban Bankin Raya Afirka da aka yi a Abijan cikin Mayun 2025 wata tambaya ke cina. Mutum 5 suka tsaya, daga Zambiya, Senegal, Chadi, Afirka ta Kudu da Muritaniya. Wanda ya ci, Sidi Ould Tah, ɗan Muritaniya ne, ƙasar da mutanenta wajen miliyan 5 ne, jarinta a bankin kuwa bai taka kara ya karya ba. A zagaye na 3 ya kwashe sama da kashi 76 cikin 100. Kafin nan Gana ta ɗauke hedkwatar yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka zuwa Akara, a taron Yamai na 2019. Mu kuma Najeriya kullum ana ce mana giwar Afirka, amma ba mu cikin G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, a BRICS ma, wato ƙawancen su Birazil da Rasha da Indiya da Sin, matsayin abokiyar hulɗa aka ba mu a Janairun 2025, alhali Habasha ta shiga da ƙafar dama tun 2024. Me waɗannan suka iya da mu ba mu iya ba?

Abdul: Wa alaikumus salam Malam. Ni gani nake tambayar ma ba ta taso ba. Kujerun nan ado ne. A IMF, Asusun Lamuni na Duniya, da kuɗi ake auna ƙuri'a. Amurka kaɗai tana da sama da kashi 16, kuma duk babban hukunci sai an samu kashi 85, ka ga in ta ce a'a magana ta mutu. Ƙasashen Afirka 54 gaba ɗaya ba su kai kashi 7 ba. Najeriya wajen rabin kashi ɗaya take da shi, Beljiyam ta ninka mu fiye da sau biyu. To ka je ka zauna ka yi me?

Alhaji Garba: Allah shi gafarta Malam, ni ban yi boko mai zurhi ba, amma in tambaya. Waɗanga kujeru da ku ka hwaɗi, mi sunka ƙara muna? Sa'adda anka ruhe Illela a 2023 albasarmu ta ruɓe bisa mota, babu wanda yaz zo daga Abijan ko Washinton yac ce muna sannu. Kuma lokacin ɗan Najeriya na bisa kujerar bankin ga, ko ba Adesina ba na?

Malam Nasiru: Shi ne Alhaji, daga 2015 zuwa 2025. Amma rufe iyaka hukuncin ECOWAS ne bayan juyin mulkin Nijar, ba na bankin ba.

Alhaji Garba: To ECOWAS ɗin ma ai lokacin mu ad da babbar kujera. Ga inda tak kai mu.

Hajiya Luba: Alhaji ka faɗi gaskiya ta wani gefen, amma bari in nuna maka inda abin ke shigowa aljihunka ba ka sani ba. Akwai wata hukuma a Paris, FATF, mai sa ido kan safarar kuɗin haram. A Fabrairun 2023 ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake wa kallon tuhuma, ba a cire mu ba sai Oktoban 2025. Na yi aikin banki, na san abin da hakan ke jawowa. Ɗan kasuwa zai tura kuɗin kaya waje, bankin can ya riƙe, ya dawo da tambayoyi, a kawo wannan takarda a kawo waccan, kaya na zaune a tasha ana lissafa masa kuɗin ajiya. A duk Afirka ƙasa ɗaya ce cikakkiyar mamba a wannan hukuma, Afirka ta Kudu. Dokokin da ake auna mu da su, ba mu nan aka rubuta su.

Abdul: Anti, ai ita Afirka ta Kudun ma rana ɗaya aka saka ta jerin tare da mu. Kujerar ba ta hana ba.

Hajiya Luba: Ba ta hana ba, amma wanda yake ciki ya san abin da ake shiryawa tun kafin ya fito. Kai dai ba ka son a ce akwai amfani.

Baba Sani: Salamu alaikum. Nasiru ka taɓo inda na ci abinci shekaru da dama, don haka ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Abin da mutane ba su gani shi ne, ranar zaɓe ba a yin komai sai ƙirga abin da aka riga aka gama. Ƙasar da ta san abin da take yi tana bayyana takararta shekaru kafin lokaci. Sai a buɗe fayil. Kowace ƙasa da layinta: an aika mata takardar neman goyon baya ranar kaza, ta amsa da baki ko a rubuce, wa ya yi magana da wa, me take nema ita ma. Wannan na ƙarshen shi ne jigon aikin, domin yawancin ƙuri'u musaya ce. Ka zaɓe ni a hukumar jiragen ruwa, in zaɓe ka a hukumar sadarwa. Ana rubuta shi a takarda, a sa hatimi, kowa ya ajiye kwafinsa. Duk da haka in ƙuri'ar ta sirri ce, ka rage wani kaso daga alkawuran da ka tara, don wani zai ci abincin liyafarka, ya rungume ka, ya shiga ya zaɓi abokin takararka.

Na taɓa zama a wata ƙasa inda takwarana na wani ɗan tsibiri ke da ma'aikata biyu kacal, shi da sakatariyarsa. Amma aljihun kwat ɗinsa kullum akwai wata 'yar takarda da ya naɗe, sunayen ƙasashe ne da alamomi kala uku na biro. Ya san ranar 'yancin kowace ƙasa, ba ya fashin liyafa, kuma in ya tare ka a bakin ƙofa buƙata ɗaya yake faɗa maka, gobe ma ita, jibi ma ita. Mu muna da bene guda da motoci, amma sau da yawa umarni daga gida kan wanda za mu zaɓa yakan iso ana gab da shiga zaure, lokacin da babu sauran abin da za ka saya da ƙuri'arka.

Muritaniya da kake magana, duba yadda ta jera abubuwanta. Shugabanta Ghazouani ya riƙe shugabancin Tarayyar Afirka a 2024, ya yi shekara yana shiga fadar kowane shugaba. Ɗan takarar ya yi shekara 10 yana shugabantar BADEA, bankin Larabawa mai ba ƙasashen Afirka rance, kusan babu ministan kuɗin da bai taɓa zama gabansa ba. Ƙasar tana cikin Ƙungiyar Larabawa, tana jin Faransanci, tana maƙwabtaka da Afirka ta Yamma. Kuma dokar bankin ita ce sai ka samu rinjaye biyu, na ƙasashen Afirka da kuma na dukan masu jari 81 har da na waje. Wanda ba ya tsorata kowa ya fi sauƙin haɗa wannan.

Maryam: Baba Allah ya ƙara lafiya. Wannan na ƙarshen nake son a tsaya a kai. Wato girman namu ma yana iya zama cikas?

Baba Sani: Ƙwarai kuwa 'yata. In Najeriya ta nemi abu, Masar ta ɗaga kunne, Afirka ta Kudu ta ɗaga, masu Faransanci su koma gefe su yi shawara. In Gana ko Muritaniya ta nema, kowa na ganin ba za ta danne shi ba.

Malam Nasiru: Baba, amma ai mun ci shugabancin WTO, ƙungiyar cinikayya ta duniya, da Ngozi Okonjo-Iweala.

Baba Sani: Mun ci, amma ka tuna yadda aka yi. Afirka ta shiga da mutum 3, ita da Amina Mohamed ta Kenya da Abdel-Hamid Mamdouh na Masar. Mu kanmu da wani muka fara tsayarwa, Yonov Agah, sai a tsakiyar 2020 aka canza, Masar ta yi ƙorafi. A Oktoban 2020 kusan kowa ya amince da ita, gwamnatin Trump ta ce ita 'yar Koriya ta Kudu take so, aka tsaya cik. Sai da mulki ya canza a Amurka, 'yar Koriyar ta janye, sannan ta kama aiki 1 ga Maris 2021. Sunanta da mutanen da ta sani tun zamanta a Bankin Duniya sun yi aiki sosai a nan. Ita ɗin ce kuma ta nemi shugabancin Bankin Duniya a 2012 aka ba Jim Yong Kim ɗan Amurka, saboda tun kafuwar wuraren nan biyu Ba'amurke ke riƙe bankin, Bature ɗan Turai ke riƙe IMF.

Abdul: Alhamdu lillahi, Baba da bakinsa ya dawo kan maganata. Sai abin da Amurka ta ga dama.

Maryam: Yaya Abdul, kana da gaskiya kan shugabanci, amma kujerun daraktoci wani abu ne daban, kuma a nan ƙananan ƙasashe suka yi wayo. Misalin da ya fi burge ni na Suwizalan ne. Ba ta shiga IMF da Bankin Duniya ba sai 1992, bayan ƙuri'ar raba gardama. Ƙuri'unta ita kaɗai ba su isa ta samu darakta ba. Lokacin kuwa Tarayyar Sobiyet ta wargaje, ga sababbin ƙasashe ba su san kowa a Washinton ba. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, Azarbaijan, Kirgistan, Tajikistan, Turkmenistan, Uzbekistan, ta haɗa da Polan, ta ce ku ba ni ƙuri'unku in wakilce ku, ni kuma in taimaka muku da tallafi da horar da ma'aikata. A shekarar aka faɗaɗa majalisar daraktocin IMF daga 22 zuwa 24, ta samu kujerarta. Ƙasa a tsakiyar Turai tana magana da yawun Asiya ta Tsakiya. Yanzu karɓa-karɓa take yi da Polan, amma ta riga ta shiga.

Alhaji Garba: Yo wanga ai haɗa lodi na. Manomi guda daga Wurno da buhu 15 ba ya ɗaukar tirela, dillali ma ba ya tsayawa sauraren shi. Amma in mutum goma sunka haɗa sunka cika mota, sunka ce wane kai ka magana, to shi ka zama a yi ciniki da shi har Fatakwal. Sai dai hwa wanda anka ba magana shi ka fara sanin farashi, sauran sai abin da yag gaya musu.

Maryam: Wallahi Alhaji haka abin yake, har da ƙarshen maganar taka. Singafo ma irinsa ta yi. Ba ta cikin G20, sai a 2009 ta tara ƙanana da matsakaitan ƙasashe 30 ta ce ita ce mai kai kokensu. Tun daga nan kusan kowace shekara ana gayyatarta.

Hajiya Luba: Mu ma ai mun taɓa yin irinsa. A 2010 aka ƙara wa ƙasashen Afirka kudu da Sahara kujera ta uku a Bankin Duniya, Najeriya da Angola da Afirka ta Kudu suke juya ta tsakaninsu. Mansur Muhtar ya zauna a kanta, Zainab Shamsuna ma can ta tafi a 2023. Ƙasa 3 a kujera ɗaya ya fi ƙasa 20 da wani abu a kujera ɗaya. A IMF kuwa sai Nuwamban 2024 aka samu ta ukun, bayan an amince a taron Marrakesh na 2023.

Abdul: An ƙara kujera, an ƙara ƙuri'a? Ba a ƙara ba. A ƙarshen 2023 aka amince a ƙara kason kowa da kashi 50 daidai wa daida, wato kowa na nan inda yake. Ku tuna 2021, da IMF ta raba dala biliyan 650 saboda korona. Afirka duka wajen biliyan 33 ta samu, mu biliyan 3 da ɗoriya. Masu kuɗi suka kwashe mafi yawa don da kasonka ake ba ka. Da daraktocinmu 10 ne ma lissafin ba zai canza ba.

Kuma G20 da Malam ke kwaɗayi, a Satumban 2023 aka ba Tarayyar Afirka kujera a Delhi, Modi firaministan Indiya ya rungume shugaban Komoros mai riƙe da shugabancin Tarayyar a lokacin, aka yi ta tafi. Shekara 2 bayan nan Afirka ta Kudu ta karɓi taron a Johannesburg, Amurka ta ƙi zuwa, sannan Trump ya ce ba zai gayyace ta na 2026 ba. Mamba ce fa tun 1999.

Malam Nasiru: Abdul, ba kwaɗayi ba ne. A G20 aka tsara yadda ake sassauta wa ƙasashe bashi a 2020, kuma waɗanda suka shiga tsarin duk 'yan Afirka ne, Chadi, Habasha, Zambiya, Gana. Zambiya ta gaza biya a Nuwamban 2020, ba ta cimma matsaya da ƙasashen da ke binta ba sai Yunin 2023. Da akwai mai bashi a wurin lokacin rubuta tsarin, da wataƙila an sa wa'adi.

Abdul: Wataƙila, in ji ka.

Bashir: Jama'a a yi haƙuri, wa ke da lambar mai gyaran sola wajen Mabera?

Admin: Bashir ka bi ta bayan fage don Allah, ana magana.

Baba Sani: Abdul ɗana, zan ba ka misalin da ke goyon bayanka, sannan in ba ka wanda ke kāda ka, ka zaɓa.

Na farko auduga. A 2003 Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka haɗa kai a WTO kan tallafin da Amurka ke ba manomanta, wanda ke karya farashin auduga a duniya. Blaise Compaoré, shugaban Burkina Faso a lokacin, da kansa ya je Jeniba ya yi jawabi. Ƙasashe 4 matalauta suka sa maganar auduga ta zama ɗaya daga abubuwan da suka wargaza taron Kankun a shekarar. An yi musu alkawari a Hong Kong a 2005. Amma wanda ya ga kuɗi Birazil ce, wadda ta shigar da ƙara, ta ɗauki lauyoyi, ta ci, har Amurka ta biya ta dala miliyan 300 a 2014 don a rufe magana. Su kuma huɗun an ware musu 7 ga Oktoba a matsayin ranar auduga ta duniya.

Abdul: Rana! A gaya wa manomin Gusau da Funtuwa an ba shi rana.

Baba Sani: Na ce ka jira na biyu. Barbados, mutanenta ba su kai dubu 300 ba, ba su kai ƙaramar hukuma ɗaya mai yawan jama'a a nan ba. Ba ta da kujera a G20, ba ta da darakta nata a IMF. Firaministarta Mia Mottley ta ɗauki buƙatu 'yan kaɗan a 2022, ciki har da cewa in bala'i ya afka wa ƙasa a dakatar da biyan bashi har ta farfaɗo. Ta riga ta saka wannan sharaɗi a nata bashin tun da ta sake tsara shi, don haka ba tatsuniya take ba. Ta bi taro taro da shi, ta jawo Macron shugaban Faransa, a Yunin 2023 a Paris Bankin Duniya ya sanar zai fara saka sharaɗin, da farko ga ƙananan ƙasashe. Ku da kuka ga ambaliyar 2010 da ta cinye hanyar jami'a a Sakkwato ta raba gari da makaranta, kun san amfanin a ce wa mai bashi ya dakata.

Abin da nake so ku lura, ko ka tashe ta daga barci ta san abin da take nema. Mu a tambaye mu, in an ba ku kujerar G20 gobe, mene ne abu na farko da za ku ɗora? Na saurari jawabai da yawa, abin da nake ji shi ne mun cancanta, mun fi kowa yawa. Wannan dalilin shiga ne, ba buƙata ba ce. A taron BRICS na 2023 ma, lokacin da ake karɓar Masar da Habasha, Mataimakin Shugaban Ƙasa cewa ya yi ba mu nema ba tukuna.

Hajiya Luba: Baba ka bar babbar. Satumban 2023 aka kira jakadunmu gida gaba ɗaya, aka haura shekara 2 ba a naɗa sababbi ba. Da wa za a yi kamun ƙafar?

Baba Sani: Ban bar ta ba Hajiya, ciwo take mini. Mai riƙon ofis ba ya ganin minista, sai dai a haɗa shi da darakta. A wannan sana'a matsayinka ke buɗe ƙofa.

Malam Nasiru: To amma a cikin wannan halin ne muka ci kujerar hukumar jiragen ruwa ta duniya a Landan, Nuwamban 2025, bayan shekaru muna faɗuwa.

Baba Sani: Mun ci, don an fara da wuri kuma an bi ƙasashe ɗaya ɗaya. A 2019 da ƙuri'a ɗaya Kenya ta wuce mu. Ƙuri'a ɗaya Nasiru, wato wani ɗan tsibiri da ba a ga darajar kiransa a waya ba.

Abdul: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana. Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sama ba ta faɗo ba. Gara ka gina naka da ka yi ta roƙon a matsa maka.

Alhaji Garba: Abdul, ka zo Ƙwanni ka gani. Sun hita ECOWAS amma sefa ta a hannunsu har yau, kuma ita mu ka bi muna saye da tsada. Ba su bar inda kuɗɗinsu ad ɗaure ba.

Maryam: Kuma ba su fice daga IMF ko Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ba. Baba, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Da kai za a ba zaɓi, wace buƙata ɗaya za ka ce Najeriya ta riƙe?

Baba Sani: Tsadar rance. Ƙasashenmu na biyan ruwa ninkin abin da Turawa ke biya, kuma kamfanoni 3 ne ke auna ƙarfinmu na biyan bashi, Moody's da S&P da Fitch. Wannan ciwo ne da Kenya da Gana da Senegal da Masar duk ke ji, babu wanda zai ce Najeriya na son danne shi in ta ɗauko shi. Sai a samo mutum 5 da suka san lissafin, a bar su a kan fayil ɗin shekara 10 ko gwamnati ta canza.

Hajiya Luba: Shekara 10 Baba? A ƙasar da sabon minista ke zuwa da nasa mutanen?

Baba Sani: Tambayata aka yi abin da zan zaɓa, Hajiya, ba abin da za a yi ba.

Abdul: Malam Nasiru, kai da ka tayar da ƙurar ba ka faɗi naka ba.

Malam Nasiru: Nawa na ɗan bambanta da na Baba. Ni zan fara da gyara tsakaninmu da Yamai, don duk lodin da za mu haɗa daga maƙwabta zai fara, kuma a yanzu ƙuri'a 3 na Sahel ba namu ba ne. Alhaji, nawa sefa take yau a Illela?

Alhaji Garba: Bari in kira yaro shi tambayo, tun sahe ta motsa sau biyu.